Kwana Biyu Ina Neman Jinin Shafa

Laraba: Gusau zuwa Tsafe

Ƙarfe biyar da kwata na asubahin Laraba na fito daga gidana a Damba, ko ruwan zafi ban sha ba. Shekara biyu ke nan da aka ba mu jiharmu, kuma ana tsakiyar wahalar man fetur, lokacin da in ka ga mota tana tafiya sai ka bi ta da kallo. Abin da ya tashe ni shi ne Shafa'atu, ɗiyar ƙanwata Rabi, yarinya 'yar shekara shida mai amosanin jini, wanda a asibiti suke kira sikila. Kwananta uku a ɗakin yara, tafin hannunta ya yi fari fat, idanunta sun koma ruwan ɗorawa. Talata da yamma likita ya ce sai an ƙara mata jini leda ɗaya, kuma kada ya wuce magaribar Alhamis.

A firjin asibiti babu irin nata. Ubanta Haruna ya bayar sati biyar da suka wuce, sun ce ba za su sake taɓa shi ba. Rabi tana goyon wata huɗu. Ni kuwa an gwada nawa, aka ce ba irin nata ba ne. Akwai masu sayar da jininsu da ke zama a bakin ƙofa, amma likita ya ja mana kunne a kansu, ya ce, "Ku kawo naku, mutane masu lafiya, masu jini mai kyau." Dangin Haruna duk suna 'Yankuzo, shi kuma ya kasa matsawa daga bakin gadon, shi ya sa tafiya ta faɗo a kaina, ni malamin firamare da ba ya son ko zuwa kasuwa.

Na fara biyawa ta asibiti. Shafa ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Kawu, in ka je ka ce Goggo Hajo ta aiko mini dakuwa." Na ce an gama. A gadon kusa da nata akwai Buba, yaro ɗan shekara takwas, muƙamuƙinsa ya kumbura har ya rufe masa ido ɗaya. Ciwon daji ne, za a tura shi Zariya, amma shi ma sai an ƙara masa jini kafin ya iya hanya. Ubansa Malam Sambo makiyayi ne daga bayan Mada. Nasa jinin bai kai a ɗiba ba, danginsa kuma ba su dawo da shanu daga kudu ba. Ya biyo ni har baranda ya ce, "Malam, in ka samu ragowa ka tuna da mu." Na ce to, a raina kuwa na ce ji mutumin nan, sai ka ce tuwo zan je karɓowa.

Shida da minti biyar ina tasha. Fijo ɗaya ce ke lodin Tsafe, kuɗin mota daga naira hamsin ya koma casa'in. Ba ta cika ba sai takwas saura ashirin, kuma abin da direba ke kira cika shi ne mutum goma a wurin bakwai. Na ce masa, "Direba, ƙafata hwa ba ni jin ta." Ya ce, "Tana nan, Malam, in mun sauka ka duba."

Shinge biyu muka wuce, ɗaya a fita gari, ɗaya kusa da dutsen Kwatarkwashi, kowanne direba ya sauka ya yi gaisuwarsa ya dawo yana tsaki. Gaba kaɗan mota ta yi tari ta mutu. Man bumburutu ne, an gauraya shi da kananzir. Direba ya buɗe gaba, ya cire tiyo ya zuƙa da baki ya tofar, sau uku, sannan muka tura. Tafiyar kamar kilomita hamsin ta ci mana kusan awa biyu. Tara da rabi muka shiga Tsafe, na sha koko da ƙosai na naira goma a tsaye.

Tsafe zuwa 'Yankuzo

Motar 'Yankuzo ta riga ta tafi, wata kuma sai gobe. Na yi ciniki da ɗan kabu-kabu a kan naira saba'in. An yi ruwa ranar Litinin, hanya ta yi laka, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa yana tura babur. Sha ɗaya daidai ya ajiye ni a ƙofar gidan su Haruna, wandona ya yi kaca-kaca har gwiwa.

Gari tsit, kowa yana gona ana shuka. Wadda na tarar ita ce Goggo Hajo, yayar Haruna, mace mai kimanin shekara arba'in, mijinta ya rasu ta dawo gida tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Doguwa ce, damatsanta irin na mai daka kullum. Ta kawo mini ruwa a kwanon sha, ta tsuguna daga nesa.

"Malam, lahiya dai? Ina Shafa?"

Na ba ta labari a taƙaice, na isar da saƙon dakuwa.

"To jinin ga, wa ake ɗiba ma?"

"Maza nika nema, Hajo, ƙarfafa. Yaushe za su taso?"

Ta ce sai azahar. Ta ɗauki kwanonta ta koma ciki, can na ji ta fara daka.

Bayan sallar azahar aka taru a zaure. Babban gidan shi ne Malam Ɗanjuma, wan Haruna, mutum mai furfura a gemu da ƙarancin magana. Na gyara murya na yi musu jawabi irin wanda nake yi wa 'yan aji biyar, har da ɗaga yatsa. Wani ya tambaya kwalba nawa ake ɗiba. Wani ya ce shi damuwarsa noma, in an zuƙe mutum a farkon damina wa zai yi masa huɗa? Malam Ɗanjuma ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ɗiyarmu ta. Wanda ba shi zuwa shi tashi yanzu." Ba wanda ya tashi. Mutum huɗu aka tsayar, har da shi.

Ya juyo gare ni. "Malam, likita wane irin jini yac ce?"

Na ce, "Mai kyau. Tsabtatacce, marar datti."

Likita bai ce tsabtatacce ba, bai ce marar datti ba. Ni na ƙara, don maganar ta yi nauyi. Malam Ɗanjuma ya daɗe yana gyaɗa kai.

Babu abin hawa da zai kwashe mu biyar sai akori-kurar hatsi da ke tashi bayan asuba. Don kada in zauna haka nan, na taka zuwa wata tunga mai nisan kamar kilomita uku, neman wani ɗan baffan Haruna. Na tarar bai dawo daga ci-rani ba. Na juyo da ƙafafu kamar ba nawa ba, na iso da la'asar sakaliya.

A gindin tsamiyar ƙofar gida na same su su huɗu, zaune a jere a kan tabarma, riguna a cire, kowanne da ƙaho huɗu a kafe a gadon baya da ƙeya. Wanzami ya buɗe zabira, yana bi yana tsagawa yana zuƙa, yana juye baƙin jini a cikin ƙasa.

Malam Ɗanjuma ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kac ce marar datti. Munka ce bari a hidda mataccen tun nan, wanda za a ba yarinya shi zan tatacce."

Ku ji ni da kyau, masu karatu. Ina da takardar shaidar malanta, ni ke koyar da kiwon lafiya a makarantarmu. Na tsaya na dubi abin nan, na ce, "Madalla, kun yi dabara." Har zuciyata abin ya burge ni. Wanzami ya ce in zo a sa mini ko biyu ne don gajiya, na ƙi, ba don ilimi ba, don tsoron aska kawai. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka, na ci, na kwanta a shagon baƙi, ni da sauro.

Alhamis: 'Yankuzo zuwa Gusau

Shida saura kwata akori-kura ta iso, maƙare da buhunan dawa. Muna hawa sai ga Goggo Hajo da mayafi, ƙwaryar fura a ka, ƙullin dakuwa a hannu. Raina ya ɓaci. Na ce, "Hajo, wuri hwa babu. Kawo saƙon in kai mata."

Ta ce, "Ba bisa kanka za ni zama ba, Malam."

Ta miƙa wa ƙanenta ƙwarya, ta taka taya ta haye kan buhu, ta fi ni saurin hawa. Har Tsafe ina ɗaure da fuska.

Bakwai da minti goma muna Tsafe. Bas ta cika takwas da rabi. Mazan huɗu duk a karkace suke zaune, ba mai jingina baya da kujera. A shingen Kwatarkwashi wani mai kaki ya leƙo ya ce ina zuwa da wannan taro, Malam Ɗanjuma ya ce, "Jini za mu kai ma ɗiyarmu." Mutumin ya dube mu, ya buga jikin mota ya ce a wuce. Goma da kwata muka shiga asibiti, ina gaba suna biye, ina tafiya ina jin kaina wani abu.

Malamin ɗakin gwajin jini mutum ne siriri mai tabarau. Ya sa Malam Ɗanjuma ya zauna, ya zagaya bayansa zai ɗauko auduga, sai ya tsaya. Ya ga tsagar ƙeya, ya ga ɗigon jini a bayan riga.

"Baba, yaushe aka yi maka wannan?"

"Jiya da la'asar. Dukanmu huɗu."

"Da aska ɗaya?"

"Guda, mai kaihi kuwa. Wanzaminmu ba shi wasa."

Malamin ya ajiye audugar, ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. A hankali ya bayyana mana cewa askar da ta bi jikin mutane tana iya ɗauko ciwon wani ta sa wa wani, irin ciwon da gwaji ba ya ganinsa sai an yi watanni. Yarinyar da ke kwance ba ta da ƙarfin ɗaukar ko ƙanƙanin ciwo a kan nata. Ya ce ba zai ɗibi na ko ɗaya daga cikinsu ba.

Malam Ɗanjuma ya ce, "Ɗana, mu hwa don a ba ta mai kyau munka yi."

"Na sani, Baba. Wallahi na sani."

Dattijon ya miƙe ya fita, sauran suka bi shi, suka zauna gindin wata darbejiya. Haruna, da ya baro bakin gado ya tarye mu, ya dube ni kawai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin wanda ya biyo bayanta ba, don na leƙa ɗakin yara na ga numfashin Shafa ya koma sama-sama, Rabi tana yi mata fifita tana kuka ba sauti.

Gusau zuwa Bungudu

Sauran dabara ɗaya, dangin uwa, wato namu, a Bungudu. Sha ɗaya da minti ashirin na fita da gudu-gudu. Tafiyar kamar kilomita ashirin ce a kan hanyar Sakkwato, wadda a zaman lafiya ba ta kai rabin awa. Bas ɗin da na shiga ta ɗauke mu ta kai mu layin gidan mai, direba ya ce yanzun nan za a fara bayarwa. Minti arba'in ina zaune ina kallon agogo, ba a fara ba. Na sauka na bar masa kuɗina, na hau kabu-kabu naira ɗari. Ɗaya saura kwata na isa gida.

Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ban ko zauna ba na ce ina Sule, ƙanena. Yana fadama. Na aika aka kira shi, na biya shagon Mamman tela, ɗan kawunmu, na janyo shi daga kan keke. A tsakiyar titi, kafin gaisuwa, na ɗaga rigar kowannensu na duba baya.

Mamman ya ce, "Yaya, lahiya? Mi kaka nema?"

"An yi maka ƙaho bana?"

"A'a."

"Tsaga? Sakiya? Cire haƙori?"

"Yaya, ko dai rana ta taɓa ka?"

Inna ta ce ba inda Sule zai je a zuƙe shi da yunwa, sai ya ci abinci. Na ce Inna lokaci. Ta ce, "Shafa jikata ta, wanga kuma ɗana na. Shi ci." Ya ci ɗanwake a tsaye ina ƙirga masa loma.

Biyu da minti goma muna bakin titi. Motoci uku suka wuce a cike. Rana ta dake mu, ga hadari yana haɗowa daga gabas, ni kuwa ba abin da nake gani sai farin tafin hannun yarinyar nan. Na gaji har na daina addu'a da baki, sai dai a zuci. Uku da rabi wata tifar yashi ta tsaya, direban ya san Sule, ya ce mu hau gaba, bai karɓi ko kwabo ba. Huɗu da minti ashirin da biyar ya sauke mu kusa da asibiti.

Gusau kuma

Mazan 'Yankuzo suna nan gindin darbejiya inda na bar su. A kan bencin baranda na ga Goggo Hajo zaune da ƙwaryarta, na wuce ta ko kallo ba ta ishe ni ba, ina jan Sule da Mamman. Na ce bari in leƙa Shafa tukuna.

A saman gadonta leda ce rataye, ja wur, ta kusa rabi, tana ɗiga a hankali cikin hannunta. Na ce, "Rabi, na wa?"

Ta ce, "Na Yaya Hajo."

Bayan fitata, in ji Rabi, Hajo ta shigo da dakuwa ta miƙa wa Shafa, yarinya ta kasa ɗaga hannu ta karɓa. Hajo ta ajiye ƙullin, ta je ta tari wata nas ta ce, "Ɗiyata, jinin ga, na mata haramun na?" Nas ta ce wa ya faɗa miki? Ta tambaye ta ko tana da ciki ko goyo, ta ce babu. Ƙaho fa? Hajo ta ce wa zai kira mata wanzami. Aka gwada, ya dace, jinin kuma ya isa har malamin gwaji yana cewa ina ma duk masu zuwa haka suke. Ina can ina ɗaga rigunan mutane a titin Bungudu aka gama ɗiba.

Na fito baranda. Sai a lokacin na ga auduga a lanƙwasar hannunta. An sayo mata lemon kwalba ta ba wani yaro, tana shan furarta. Na tsuguna a gabanta kamar yadda ta tsuguna mini jiya.

"Hajo, don Allah mi ya hana ki hwaɗa tun can gida?"

"Na tambaye ka, Malam. Maza kac ce."

Ba da zafi ta faɗa ba. Ta miƙo mini ludayi ta ce in sha, na yi fari kamar ni aka ɗiba.

Mamman tela kuwa, da ya leƙa ɗakin gwaji ya ga kaurin allurar, ya ce zai kama ruwa. Sai a tasha aka gan shi. Sule ya ce shi tunda ya ci ɗanwaken Inna a kan wannan aiki ba zai koma haka nan ba. Ina ɗaga kai na ga Malam Sambo tsaye a ƙofar ɗakin yara, yana kallonmu. Ragowar da na yi wa dariya ce ta samu. Aka gwada Sule, ya dace da Buba. Ranar Asabar suka kama hanyar Zariya, uban yana rungume da shi, an yafa masa zane a fuska. Ban sake jin labarinsu ba, kuma har yau in na tuna yaron sai in ji ba daɗi.

Kafin magariba likita ya zagayo, ya duba idon Shafa da tafin hannunta, ya ce ta tsallake wannan. Ya ƙara da cewa kada mu saki jiki, irin wannan ciwo yana dawowa, ko bana ko baɗi za a sake neman jini. Na kai wa mazan gindin darbejiya labari. Malam Ɗanjuma ya tashi, ya ce in raka shi wurin mai tabarau.

"Ɗana, sai yaushe namu za shi yi?"

"In ba a sake sa muku aska ba, Baba, ku dawo bayan wata shida a gwada."

Mutumin da aka ce shekara talatin damina ba ta taɓa faɗuwa bai yi ƙaho ba ya shafa ƙeyarsa, sannan ya ce, "To mun aje. Ka hwaɗa ma likita, mu huɗu da Hajo biyar, jininmu ajiyar Shafa na."

Komawa gida

Na raba baƙi, maza a gidan wani abokin Haruna, Hajo ta ce ita a ƙasan gadon Shafa za ta shimfiɗa zane. Na hau kabu-kabu naira ashirin, yayyafi ya fara, takwas saura minti goma na shiga gidana a Damba. Matata ta kawo tuwo, na yi barci a zaune hannuna a cikin kwano.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina gode wa direban tifa, da nas ɗin da ta amsa tambayar da ni ban tsaya na saurara ba, da malamin gwaji da bai kunyata dattijo ba, da Sule. Mamman ma na yafe masa, don ni ne na ƙarshen wanda zai yi wa wani gorin tsoron ƙarfe. Goggo Hajo kuwa, wadda na yi wa rowar wurin zama a kan buhun dawa, ban san irin godiyar da zan yi mata ba, ita ma ba ta tsaya jira ba.

Juma'a da safe na koma asibiti kafin in wuce makaranta. Na tarar da Shafa zaune an jingina ta da filo, da dakuwa a hannunta, ita ta riƙe da kanta. Ta ci rabi, ta naɗe rabi a gefen zane. Na ce ta cinye mana, ai don ita aka kawo tun daga 'Yankuzo.

Ta ce, "A'a Kawu, wannan na Goggo ne. Ita ma jininta ya ragu."